Hannun da Sista Agogo Ta Ɗaure

A sashen mata na wani asibiti an yi wata nas da kowa ke kira Sista Agogo. Ba ita ta raɗa wa kanta sunan ba, amma ba ta taɓa ƙin amsa shi ba, don a ganinta yabo ne. Shekararta goma sha huɗu a bakin aiki ba ta taɓa makara ba. Maganin ƙarfe goma, ƙarfe goma take ba da shi. Jijiyar da ta gagari kowa, ita ake kira, ta soka allura sau ɗaya ta wuce. Ga ta da ibada. Da an kira salla a masallacin da ke bayan katangar asibitin, za ta cire safar hannu ta nufi ɗan ɗakin da ma'aikata ke salla, ko wa ke mata magana sai dai ya jira.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai ƙwace mata shi. Aibinta guda ne, girman kai. Ta raba ranarta gida biyu, ta sa Allah a kan sallaya, ta sa aiki a kan gadaje, kuma ba ta yarda ɗaya ya shiga ɗaya ba. A wurinta mara lafiya lamba ce. "Gado na uku ya sha magani? Gado na takwas ya yi fitsari?" Haka take magana. Tana duban fayil fiye da yadda take duban fuska, kuma abin da ta rubuta da bironta ya zauna, ba mai tayar da shi.

A sashen akwai wata tsohuwar nas, Kirista, wadda saura wata huɗu ta ajiye aiki. Ana ce mata Mama Sannu, saboda ba ta wuce gado ba tare da ta tsaya ta ce sannu ba. Gwiwarta na ciwo, tafiyarta a hankali, aikin da Sista Agogo ke gamawa cikin rabin awa ita sai ta ci awa guda a kansa.

"Mama, in kin gama gaishe da gadajen, ki gaishe da ƙofa da taga ma, kada su ji haushi," in ji Sista wata safiya.

"Zan gaishe su, 'yata," in ji Mama Sannu. "Ai su ma a nan suka kwana."

Marasa lafiya suka yi dariya. Sista ba ta yi ba. A ranta ta ce da irin waɗannan ne aiki ba ya ci gaba.

Ana nan sai Mama Sannu ta ɗauki hutun mako biyu don a duba mata gwiwa. Kwana biyar da tafiyarta aka kawo wata tsohuwa da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannun dama ya mutu, ƙafar ma haka, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Idanunta ne kawai ke yawo, sai hannun hagu. Ɗiyarta, malamar makaranta, ita ta kawo ta, tana kiranta Iya. Aka kwantar da ita a gado na shida, wanda ke jikin bango. Sista ta sa mata ƙarin ruwa a hannun hagu, tunda ba a sa wa hannun da ya shanye, ta liƙa filasta tsaf, ta rubuta lokaci.

Da azahar ta tafi salla. Da ta dawo sai ta tarar da Iya ta karkace a kan gado, kanta a wata kusurwa, ƙafarta mai rai ta sauko har tana lilo. Allurar ta fita, jini ya ɓata zanen gado, ruwan yana ta ɗiga a ƙasa.

"Haba Iya! Yanzu fa na gyara ki!"

Ta miƙar da ita, ta canza zane, ta nemi wata jijiyar. Da la'asar ta dawo daga salla ta sake tarar da ita haka. Wannan karon ma ta kama ta tana cikin yi: tana dukan bango da tafin hagu, tana shafa fuska, tana jan mataccen hannunta kamar za ta cire shi. Sista ta riƙe hannun ta mayar da shi ƙasa. Iya ta fizge, ta yi wani gurnani, hawaye na bin gefen idonta.

Washegari haka, jibi ma haka. Jijiyoyin tsohuwa ƙanana ne, suna ta ƙarewa. Sista ta zauna ta rubuta da kyakkyawan rubutunta: mara lafiya ta ruɗe, tana dukan bango, tana cire allura, tana ƙoƙarin faɗowa daga gado. Kowane karo ta sa lokacinsa, don ita ba ta wasa da lokaci.

Likita ya karanta a zagayen safe. Shi ma mutum ne mai gadaje arba'in a wuyansa, kuma ya san rubutun Sista Agogo ba ya ƙarya. Ya ce a riƙa yi mata allurar kwantar da hankali, a kuma ɗaure hannun da bandeji a ƙarfen gado don kada ta ji wa kanta ciwo. Sista ta ɗaure da kanta, ɗauri mai kyau. Masu karɓar aiki daga hannunta suka ga rubutu, suka bi. Ba wanda ya sake tambaya.

Malama takan zo ne ƙarfe biyar, lokacin ziyara, bayan ta taso daga makaranta. Ranar da ta ga uwarta a ɗaure sai ta ajiye kwandon abinci ta nufi teburin nas.

"Sista, don Allah me ya sa aka ɗaure ta?"

"Kanta ya taɓu. Haka ciwon yake yi wa wasu."

"Amma ranar da na kawo ta tana gane ni. Na yi mata magana ta matse mini hannu."

"Malama, ke a aji kike wuni, ni a nan nake wuni. Na taɓa zuwa na koya miki riƙe alli?"

Malama ta haɗiye maganarta. Mai mara lafiya a gado ba ya son ɓata wa nas rai. Ta koma ta zauna tana ƙoƙarin ba uwarta abinci da cokali, amma barci ya danne tsohuwar, abincin sai ya dawo ta gefen baki.

Daga nan Iya ta fara zubewa. Allura na sa ta barci, barci na hana ta ci, rashin ci na cinye ta. Tari ya shigo, ƙirjinta ya fara ƙara. Duk da haka, in ƙarfin allurar ya ragu, sai a ga hannun nan yana ja yana ja, har bandejin ya ci fatar wuyan hannun ya bar ja-ja-wur. Sista takan ƙara auduga a ƙarƙashi, ta rubuta cewa har yanzu ba ta natsu ba.

Ranar da Iya ta cika kwana tara, Mama Sannu ta dawo. A zagayen safiyar nan likita ya saurari ƙirjin tsohuwar ya girgiza kai. Ya ce in ba ta ci komai ba zuwa gobe za a zura mata robar abinci ta hanci, kuma tunda har yanzu tana fizge-fizge, a ƙara mata allurar daga yamma. Sista ta rubuta. Da Mama Sannu ta gama rabonta na aiki sai ta jawo kujera ta zauna a gado na shida, tana goge wa Iya baki da jiƙaƙƙen tawul, tana 'yar waƙarta ta coci ƙasa-ƙasa.

Aka kira azahar. Sista ta cire safar hannu, ta kama hanyar ƙofa.

"'Yata, zo."

"Mama, salla za ni."

"Na sani. Minti biyu kawai."

"In na dawo."

"A'a, yanzu. Wanda za ki wurinsa yana ganinki a nan ma."

Muryar ba irin wadda Sista ta saba ji ba ce. Ta dawo tana tsaki a ciki, ta tsaya a ƙarshen gado ta harɗe hannu. Idon Iya a buɗe yake, leɓenta na motsi, hannun na jan bandeji. Mama Sannu ta sa yatsu ta kwance ɗaurin.

"Mama! Za ta cire allurar!"

"Na riƙe robar. Ke dai duba. Kada ki taɓa ta, duba kawai."

Hannun ya tashi da ƙyar. Ya kai bango, ya dafa shi da tafi. Ya dawo ya shafi fuska, daga goshi zuwa haɓa, a hankali, ba inda ya bari. Ya sake komawa bango. Sannan ya lalubo mataccen hannun dama, ya jawo shi kan ciki, ya shafe bayansa da cikinsa, ya goga kansa a jikinsa. Bayan haka tsohuwar ta dafa ƙarfen gado, ta fara jan jikinta tana karkata, tana neman juyar da fuskarta wajen kusurwar da ke kusa da ƙofa.

Sista ta san kusurwar nan. Nan masu ziyara ke fuskanta in sun shimfiɗa ɗankwali za su yi salla a baranda. Nan ita ma take fuskanta sau biyu kowace rana a ɗakin ma'aikata.



"Ni ba na salla," in ji Mama Sannu, "amma shekara talatin ina ganin masu yi. Wannan ba shi ne abin da kuke yi ba in babu halin taɓa ruwa?"

"Taimama," in ji Sista.

Ta ciro fayil daga ƙarshen gado ta buɗe. Ga rubutunta nan, layi bayan layi. Biyu saura kwata. Huɗu da minti goma. Biyu saura minti goma. Huɗu da kwata. Na masu aikin yamma da na asuba ma duk a kan lokacin salla suka faɗa. Da hannunta ta rubuta lokutan nan, kuma a lokutan nan ne ita take tsaye a kan sallaya tana jin daɗin ba ta makara ba.

Girman kai ba ya mutuwa da bugu ɗaya. Sai da ya sake ɗago kai.

"Amma ai an sauƙaƙa wa mara lafiya," in ji ta. "Ko da ido za ta iya yi, ko ina ta fuskanta. Ba sai ta wahalar da kanta ba."

"To. Kin zauna kin faɗa mata?"

Sista ta sake duban fayil ɗin.

Matar gado na biyar, mai karyayyar ƙafa da baki kamar rediyo, ta ɗago daga matashinta. "Wallahi Sista, ni tun ranar farko na gane. Na zaci kun sani, wani dalili ne na asibiti. Sau biyu na buɗe baki zan yi magana, kafin in ce Sis, kin kai gado na goma."

Ba wanda ya yi dariya. Sista ta ajiye fayil ɗin. Ta sunkuya ta kwance birkin ƙafafun gadon.

"Mama, kama mini can."

Gadon tsoho ne, taya ɗaya ta cije. Mace biyu, ɗaya da ciwon gwiwa, suka yi ta fama, ƙarfe na kuka a kan siminti, har suka juya shi ya fuskanci inda Iya ke nema. Ya tsaya a karkace, ya ɓata layin gadajen da Sista ke alfahari da shi, ya tare rabin hanya. Ta bar shi haka. Ta je ta ɗebo ruwan ɗumi a roba, ta ja labule.

"Iya," in ji ta, kuma wannan ne karo na farko da ta kira ta tana duban idonta, "ruwa ba zai cuce ki ba. Ni zan yi miki alwala. Ki yi niyya."

Ta wanke hannun dama, wanda ya mutu, yatsa bayan yatsa. Ta wanke na hagu, tana kewaye filasta, tana kewaye inda bandeji ya ci. Ta jiƙa mata baki da hanci, ta wanke fuskar da ta shafe kwana tara tana gani ba ta duba ba. Akwai tabon salla a goshin, baƙi, tsoho. Ta wanke damatsa, ta shafi furfura da kunnuwa, ta sauka ƙafafu. Tafin ƙafar duk faso ne, ƙafar macen da ta yi tafiya mai yawa a duniya. Sista ta wanke dubban ƙafafu a aikinta, amma ba ta taɓa jin hannunta ya yi mata nauyi haka ba. Tana wankewa hawayenta na ɗiga cikin robar.

Suka tallafe Iya da matasai biyu. Tsohuwar ta ɗaga hannunta ɗaya zuwa kunne, ta sauke. Leɓe ya kama motsi. Kai ya ɗan sunkuya, ya ɗago, ya ƙara sunkuyawa. Mama Sannu ta tsaya a bakin labule tana gadi, ta rufe ido, ita ma bakinta na motsi da tata addu'ar. Da Iya ta sallame sai ta saki wani dogon numfashi, jikinta duk ya saki, ta kwanta lamo ba allura ba ɗauri.

Ranar Sista ta yi azahar a makare, a nan gefen gadon, a kan wankakken zanen asibiti.

Daga nan ofishin likita ta wuce. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Likita, matar gado na shida hankalinta garau. Salla take nema. Ni na yi kuskure, na rubuta abin da ban tsaya na duba ba. A janye allurar."

Likita ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta. "Kwana tara, Sista."

"Kwana tara."

"Ni ma na sa hannu," in ji shi, ya jawo fayil.

Na Malama ya fi wuya. Da ta zo ƙarfe biyar ta ga gado a karkace, uwarta ido biyu, hannu a sake, sai ta tsaya turus. Sista ta ja ta gefe ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Malama ta saurara har ƙarshe, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa ganin matar nan ta bar salla ta wuce ba. Ranar da aka binne babanmu ma ita ta tashe mu asuba. Ita kika ɗaure kamar akuya?"

"Ita na ɗaure."

"Na zo na yi miki magana, kika wanke ni tas."

"Na yi."

Malama ta buɗe baki za ta ƙara, sai kuka ya ƙwace mata. "Ni ma ɗiyarta ce, ban gane ba. Kullum ina nan zaune ina tura mata cokali." Ta share fuska da gefen mayafi, ta wuce wurin uwarta. Ba ta ce ta yafe ba, Sista kuma ba ta da bakin roƙa.

Da allura ta bar jikinta Iya ta farfaɗo. Ta karɓi shayi, ta karɓi abinci mai ruwa-ruwa cokali biyar, washegari cokali goma. Ba a zura robar ba. Ta gane jikokinta da aka kawo mata, har ta ja kunnen ƙaramin. Sista ta rubuta a gaban fayil da jan biro cewa a yi wa wannan baiwar Allah alwala kowane lokacin salla, kuma kada wanda ya gyara gadon. Da an kira azahar sai a ga ta nufi famfo da roba.

Amma tarin nan ya riga ya zauna a ƙirji. Aka canza magani, aka sa mata iska ta hanci, zazzaɓi ya sauka ya sake hawa. Sista ta tare likita a baranda ta tambaye shi ko barcin kwanakin nan ne ya jawo.

"Mai irin ciwonta yakan kamu da wannan ko ba allura," in ji shi. "Yakan kuma kamu saboda ita. Ban sani ba, Sista. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta so ya ce a'a. Bai ce ba, kuma da wannan za ta zauna har ƙarshen ranta.

Rana ta shida bayan juya gadon, Iya ta yi azahar da ido kawai, don kan ma ya daina sunkuyawa. An kira Malama daga makaranta, tana zaune a ɗaya gefen tana riƙe da mataccen hannun. Sista ta durƙusa tana shafa man ciwo a wuyan hannun hagu, inda shatin bandeji bai gama bajewa ba.

"Iya," in ji ta a hankali, "na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah."

Tsohuwar ta juyo da ido ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta. Sannan hannun ya zame daga riƙon Sista, ya kama nata, ya buɗe tafin. Babban yatsan Iya ya sauka a kan gaɓar ƙaramin yatsan Sista, ya danna. Ya matsa gaɓa ta biyu, ya danna. Ta uku. Ya tsallaka yatsa na gaba.

"Tasbihi take," in ji Malama. "Da hannun dama take ja kullum. Ba ta yarda ta ja da hagu."

Sai a lokacin Sista ta lura hannunta na dama ne tsohuwar ta zaɓa. Ta sake shi gaba ɗaya, ta bar mata. Tana jin kowane dannawa, mara ƙarfi kamar saukar ɗigon ruwa, tana bi a zuciyarta. Talatin da uku suka cika. Yatsan ya koma farko, wasu talatin da ukun suka cika. Ya sake komawa. A zagaye na uku ya kai yatsan tsakiya, ya danna, ya tsaya a nan.

Sista ta jira ya matsa. Bai matsa ba, numfashin Iya ya ɗauke. Malama ta kifa kanta a kan katifa. Mama Sannu ta zo ta ja labule a hankali. Sista ba ta zare hannunta ba, sai da ta ƙarasa sauran ƙirgen a bayyane, da murya, a madadin mai shi.

Darasin da ke cikin wannan labari na duk wanda aka damƙa wa mai rauni ne, nas ce ko likita, ɗa ne ko ɗiya. Ƙwarewa abu ne mai kyau, kiyaye lokacin ibada ma haka, amma in girman kai ya shiga tsakaninsu sai mutum ya cuci bawan Allah da hannun da ya gama ɗagawa yana addu'a. Mara lafiya ba jiki kaɗai ya kawo asibiti ba. Ya zo da imaninsa, da tsoronsa, da abin da ya riƙe shi tsawon rayuwa, kuma sau da yawa ba shi da bakin faɗa. Kafin ki yanke masa hukunci, ja kujera ki zauna ki duba. Kada kuma ki raina wanda zai nuna miki, ko a hankali yake tafiya, ko addininku ba ɗaya ba. Allah da kike nema a kan sallaya bai bar bakin gado ba, kuma zai tambaye ki duka biyun.